Rahoton ayyukan shekara: gazuwal, ruwa da itace a sansanonin soja na jihar Tawa

Assalamu alaikum ƴan uwa mambobi, manyanmu tsofaffin sojoji da jandarmomi, ma'aikatan gandun daji masu ritaya, da makanikai da masu aikin lantarki da ke cikin wannan tafiya. Ga rahoton da kwamitin gudanarwa ya saba gabatarwa kafin babban taro. Ba mu ambaci sunan wani sansani ko inda yake ba, kun san dalili.

Ma'aunin da muka riƙe a bana shi ne wanda taron bara ya amince da shi. Ba ma kai wa kwamanda shawarar kare muhalli sai mun iya nuna masa yadda za ta rage haɗari ga yaransa, ko ta gyara zamansa da talakawa da makiyaya. Wanda ke tsaron Azawak, bayan abin da ya faru a yankin Tiliya a watan Maris na 2021 inda aka kashe fararen hula fiye da 130 a yini guda, ba zai saurari mai maganar hayaƙi kaɗai ba, kuma yana da gaskiya.

Gazuwal da wutar lantarki

Nan ne mafi yawan aikinmu ya tafi. Kowace tano ta lita 200 da aka ƙone a sansanin daji, mota ce ta kawo ta, da rakiya, a kan hanyar da ake iya binne nakiya ko yin kwanton ɓauna. In an rage shan mai, an rage fitar ayari. Hayaƙin ma ya ragu, tunda lita guda ta gazuwal tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar da ke ɗumama duniya, wato tano ɗaya ta haura kilo 500.

A wuraren da aka ba mu izinin dubawa, matsala ɗaya muka yi ta tararwa: gurup (injin ba da wuta) babba, kayan da ke jan wuta kaɗan. Injin kVA 60 yana kwana yana aiki don ƙwan fitila, rediyon sadarwa da firjin magani. Gurup mai ɗauke da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na ƙarfinsa yana shan kimanin lita 0.3 a kowace kilowat-awa. Da kayan sun yi ƙasa da kashi 30, shan man kowace kilowat-awa ya hau, injin kuma ba ya yin zafin da zai ƙone man duka. Sai baƙin mai ya riƙa tsiyaya daga bututun hayaƙi, kunkunniya ta toshe bakin allurar mai, a ce injin ba shi da kyau, alhali rashin kaya ne ya kashe shi. Abin da muka koyar da masu kula da injina shi ne su auna abin da sansanin ke ja da rana da dare na tsawon mako, su tattara manyan ayyuka (famfon ruwa, walda, cajin batura) cikin awannin da babban injin ke kunne, sauran lokaci a bar wa ƙaramin inji ko hasken rana.

Ga lissafin da muka raba a takarda don ƙaramin wurin tsaro mai buƙatar kilowat-awa 5 a yini. Rana a Adar tana ba da abin da ya kai awa 5 da rabi na cikakken haske. In an cire kashi 30 na asarar zafi, ƙura da waya, ana buƙatar kusan kilowat 1.3, wato fano (allon hasken rana) huɗu masu wat 400 sun wadatar har da rara. Batir huɗu na volt 12, amfiya-awa 200, suna ajiye kilowat-awa 9.6, amma rabi kawai ake ja in ana son su yi ƙarko, don haka ajiyar yini guda ce. A kafa fano yana kallon kudu, a karkace kamar digiri 15, a bar tazara a ƙarƙashinsa iska ta wuce. A watan Afrilu gilashin yana iya kai digiri 65, kuma kowane digiri sama da 25 yana rage kusan kashi 0.4 na ƙarfinsa. Lokacin hunturu, in buji ya taso, a share ƙura kullum da asuba da tsumma mai laushi. Zuba ruwan sanyi a gilashi mai zafi da tsakar rana yana iya tsaga shi.

Batir shi ne ke fara mutuwa, kuma zafi ne ke kashe shi. Ƙarin digiri 10 sama da 25 yana raba kwanan batir ɗin dalma biyu. Wanda aka kulle a kwantenar ƙarfe ba ya daɗewa. Ɗakin laka mai tagogi biyu, ko rami mai rufi da mashigar iska, ya fi. Abu na biyu, sojoji na jona tukunyar shayi ta lantarki ko abin guga a layin rediyo. Maganinsa layi daban mai fis ɗinsa, makulli a hannun mutum ɗaya.

Mun faɗa wa kowa a fili cewa hasken rana ba ya maye gurbin gurup a wurin tsaro. Hazo na iya rufe rana kwana uku, rediyo kuwa ba ya jira. Injin ya zauna a shirye, a tada shi sau ɗaya a mako. Gilashin fano kuma yana walƙiya ana hango shi daga nesa, don haka a kafa shi ƙasa, bayan ganuwar yashi, ba a kan rufi ba. Amfanin da kwamandoji suka fi yabawa shi ne shirun dare: in inji ya yi shiru, mai gadi yana jin ƙarar babur tun daga nesa. Masu shakkar ko abin yana aiki a ƙasarmu, tashar Malbaza mai megawat 7 tana ba da wuta tun 2018.

Baƙin mai, ruwa da rijiyoyi

Land Cruiser guda tana fitar da wajen lita 10 na baƙin mai a kowane vidanji (canjin man inji), kuma a cikin wannan ƙura ana yinsa duk kilomita 5,000. A lissafa motocin kamfanin soja guda. Al'adar zuba shi a rami ko a kan hanya don kwantar da ƙura ita muka fi yaƙa da ita, musamman a fadama da bakin tafki irin na Tabalak, inda ruwan ƙasa ke kusa. Tsarin da muka nuna mai sauƙi ne: daɓen siminti a wurin gyara, tire a ƙarƙashin inji, tano mai murfi da rubutu, filta a kife ta tsane kwana guda kafin a ajiye ta. Motar da ta kawo gazuwal ta koma da tanonin baƙin mai da matattun batura, maimakon ta koma wayam. Kada a zubar da ruwan batir a ƙasa, kada a ba yara su fasa don dalma.

Wurin ajiyar mai yana buƙatar katanga kewaye da daɓe wanda zai iya riƙe kashi 110 cikin ɗari na abin da babbar tankin ke ɗauka. Masai ya yi nisan mita 30 aƙalla daga rijiya, a gangare, gindin ramin kuma ya tsaya mita 1.5 sama da ruwan ƙasa. Wannan kare lafiyar soja ne kafin na kowa, don gudawa na iya kwantar da rabin sansani ba tare da an harba harsashi ba.

Maganar rijiyoyin makiyaya ta fi nauyi. Da rani, rijiya ɗaya a arewacin Abalak ko Cintabaradan tana shayar da garke da yawa bisa layin da mutanen suka tsara tun kakanni. In siterni ta zo ta kwashe ruwan da safe, dabbobi sun yini da ƙishi, makiyayin da aka yi wa haka kuwa ba zai kawo labarin baƙon da ya gani ba. Shawararmu ita ce a zauna da hakimin rukuni da masu rijiya a yanke lokacin ɗiba, a fi son dare, kuma kada a kafa sansani a bakin rijiyar kanta, don yana jawo wa masu shayarwa hari. A zaman bita mun karanta sashe na 54 na Ƙarin farko na Yarjejeniyar Janiba, na 1977, wanda ya hana lalata wuraren ruwan sha, amfanin gona da dabbobin fararen hula, da sashe na 55 kan kare muhalli lokacin yaƙi. A gida kuma akwai doka mai lamba 98-56 ta 1998 kan kula da muhalli, da 2004-040 kan gandun daji.

Inda tsaro da muhalli suka yi karo

Kada mu ruɗi kanmu, akwai wuraren da ba a iya haɗa biyun. Masu kula da filayen kiwo suna son motoci su bi sawu ɗaya, don taya na murƙushe ciyawa tana tone ƙasa iska ta kwashe. Amma wanda ya bi sawu ɗaya kullum ya nuna wa mai binne nakiya inda zai tona. A nan kwamitin bai ce komai ba sai dai soja ya sauya hanya yadda ya ga dama. Mun roƙi sawu ɗaya ne kawai a filayen atisaye da wuraren da ke da kwanciyar hankali.

Haka batun share itace kewaye da sansani. Mai gadi yana buƙatar ganin mita 200 zuwa 300 a gabansa, gwargwadon inda bindigarsa ke kaiwa. Abin da ke ɓoye mutum shi ne sabara, kalgo da ƙananan ƙayoyi, ba gangar gawo ko aduwa ba. Don haka muka nuna yadda ake sare rassan ƙasa har tsayin mita 2, a share ƙananan, a bar manyan suna ba da inuwa ga mutane da motoci. Inda dole a sare, a bar kututture mai tsayin taƙi guda, kada a tone saiwa, don in sansani ya tashi a raya tohon ta hanyar sassabe na zamani.

Itacen girki ma yana cin daji, kuma ayarin neman itace fita ce mai haɗari da ba ta da dalili. Gas na matatar Zinder yana samuwa a butali na kilo 6 da na kilo 12.5. Cikas ɗinsa shi ne tukunyar sansani ta fi ƙarfin ƙaramin murhu, sai an ƙera mazauni na ƙarfe mai babban baki. Inda gas ba ya kaiwa, murhun laka mai rufaffen gefe ya fi duwatsu uku tattalin itace nesa ba kusa ba.

Wutar daji da gyaran ƙasa

Daga Oktoba, da ciyawa ta bushe, wutar shayi, guntun taba, bututun hayaƙi mai zafi ko harsashi mai wuta a filin harbi sun isa su cinye abincin dabbobi na shekara. Mambobinmu na gandun daji sun bi aikin hanyoyin tare wuta: faɗin mita 15 zuwa 20, a gicciye da iskar gabas maso arewa, a kankare har ƙasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne tara ciyawar da aka share a bakin hanyar, sai wuta ta same ta ta tsallaka. A kwashe ta, ai abincin dabbobi ce. Injin gyaran hanya na sojojin gine-gine yana yin a yini abin da mutane masu manjagara za su yi kwanaki suna yi, hanyar kuma tana amfanar sintiri.

A faƙo, nesa da layin gadi, an ci gaba da haƙa ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata: faɗi mita 4, baki yana kallon tudu, a jere a saɓe, kimanin 313 a hekta. Jiharmu ba baƙuwar wannan aiki ba ce, ga aikin raya ƙasa na Keita tun 1984, ga layukan bedi na kwarin Majiya tun 1975. Dashen 3 ga Agusta abin alfahari ne, amma a Adar damina ta yi nisa a lokacin. A dasa akasarin itatuwan a Yuli da ruwa ya zauna, rami santimita 40 kowane gefe, a zaɓi dakwara, bagaruwa, magarya da aduwa. Abin da ke kashe dashe awaki ne da rashin mai shi. Kowane layi a ba shi sunan sashen da zai shayar da shi har rani na farko ya wuce.

Mun kuma zaga ƙauyukan da ke kusa da filayen harbi muna faɗakar da iyaye da masu sayen tsohon ƙarfe. Abin da bai fashe ba, kada a taɓa, kada a jefe shi, a sa alama daga nesa, a sanar da mai gari da jandarma.

Abin da ke gabanmu

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi dalla-dalla a babban taro, masu bashin kuɗin wata su daure su biya kafin ranar. Za a kaɗa ƙuri'a kan abu biyu: sayen na'urar auna wuta ta biyu don masu duba injina, da fassara takardar lissafin hasken rana zuwa Tamajaƙ da Fulatanci tare da ta faɗakarwa kan abubuwan fashewa. Muna neman makanikai biyu da mai walda ɗaya da za su ba da lokacinsu don ƙera mazaunin tukunyar gas. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa.

Kwamitin gudanarwa, Tawa