Kalmar "Resilience" Ba Juriya Ba Ce Kawai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana kan wata kalmar Turanci da ta cika mana kunne a Maiduguri, da yadda 'yan'uwana masu fassara suke juya ta zuwa Hausa.

Ni tsohon malamin Ingilishi ne. Shekara 31 na yi ina riƙe da alli a makarantun sakandare, yanzu kuma ina taɓa aikin fassara idan an kawo. Gidana a Gwange yake. Wayewar garin Talata 10 ga Satumba 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, daga ni har iyalina da kayan jikinmu muka fita. Na ga ambaliyar 1994 ina magidanci sabon aure, amma ba ta kama ƙafar wannan ba. Da ruwa ya janye na koma, na tarar da ƙamus ɗina guda biyu da na saya tun ina ɗalibi sun dame da laka, ko shafi ɗaya ba ya buɗuwa.

Bayan mako uku wata ƙungiyar agaji ta aiko mini da takarda mai shafi huɗu in duba fassararta. Kalmar resilience ta fito sau 11 a ciki, kuma wanda ya riga ni aikin ya rubuta "juriya" a duk wuraren. Ban ga laifinsa ba, haka muke ji a rediyo kullum. Amma raina bai kwanta ba.

Asalin kalmar daga Latin take, resilire, wato yin tsalle a koma baya. Da ita Turawa suke siffanta roba ko ƙarfe mai tanƙwaruwa: ka danna shi, ka saki, ya koma yadda yake da kansa. Haka bounce back, ƙwallo ce ake nufi, ka buga ta da ƙasa ta taso. Rebound ma ƙwallon ce idan ta daki bango ta dawo. Duk ukun nan hoto ɗaya suke ɗauke da shi, na abin da ba ya neman taimakon kowa kafin ya dawo daidai. Recover ita ce ta fi kusa da mu, domin ta Faransanci ta shigo musu da ma'anar sake samun abin da ya kuɓuce, shi ya sa suke faɗinta ga mara lafiya, da kayan sata, da bashi. Pull through kuwa sai ga wanda ya kai bakin kabari Allah ya yi da sauran kwanansa.

To ina juriya a nan? Mai juriya shi ne wanda ya danne zuciyarsa ya ɗauki abin da ya same shi. Kalmar ba ta ce ya koma yadda yake ba. Matar da na gani a makarantar da muka fake, tana raba kwano ɗaya na shinkafa ga yara biyar ba ta ce uffan ba, mai juriya ce ƙwarai, amma babu abin da ya dawo mata. Abin da nake tsoro shi ne, idan aka haɗa yabon da ke cikin "juriya" da hoton ƙwallon da ke cikin kalmar Turancin, mai karanta rahoto a ofis zai ɗauka mutanen nan sun warke da kansu, sai ya rufe fayil.

Alhali Hausa ba ta rasa kalmomi ba, kuma namu sun fi faɗin gaskiyar abin. Wanda ya suma ake cewa ya farfaɗo, galibi bayan an yayyafa masa ruwa. Majinyaci yana murmurewa ne a hankali, yau kunu gobe tuwo, da mai jinya a gefensa. Wadda na fi so ita ce "tayar da komaɗa". Kwanon da ya komaɗe ba ya miƙewa don an bar shi ya huta. Sai wani ya ɗauke shi, ya sa guduma ta ciki, ya yi ta bugawa a hankali, kuma ko ya miƙe tabon yana nan.

Maƙwabcina mai sayar da atamfa ne a kasuwar Monday Market. Gobarar Fabrairu 2023 ta cinye shagonsa ƙurmus. Kuɗin adashen matarsa da kayan da ubangidansa na Kantin Kwari ya ba shi bashi daga Kano, su suka tayar masa da komaɗa. Bayan shekara ɗaya da rabi ruwa ya shiga kasuwar ya jiƙa rabin abin da ya tara. Duk wanda ya ce wannan bawan Allah ya taso kamar ƙwallo bai zauna da shi da dare yana lissafin bashi a bayan kwalin sigari ba. Na zauna da shi, kuma na ga hawayensa.

Don haka roƙona ga editoci da masu fassarar labarai a gidajen rediyo shi ne, kafin ku rubuta "juriya", ku tambayi kanku me marubucin yake nufi a wannan jimlar. Idan haƙurin mutane yake yabo, juriya ta dace. Idan komawar kasuwa da gona da makaranta yake nufi, ku ce farfaɗowa ko tayar da komaɗa, ku kuma faɗi wanda zai yi aikin da kuɗin da za a yi shi da su. Malaman Ingilishi 'yan'uwana su ma su daina ba yara waɗannan kalmomi a jere kamar duk ɗaya suke.

Takardar nan na mayar da ita da "juriya" a wuri biyu kacal. Jami'ar da ta karɓa ta tambaye ni dalili, sai na ce ta zo in kai ta shagon maƙwabcina. Ya sake buɗewa, kanta biyu daga cikin biyar ke da kaya, kuma har yau bai gama biyan mutumin Kano ba.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon malami daga Gwange, Maiduguri