Ka je a gwada ka, abokina

Salam mutumina, ya kake ya iyali ya aiki, da fatan komai lafiya. Na ga saƙonka, kuma bari in tafi kai tsaye kan maganar tunda na san ba ƙaramin ta maza ka yi ba kafin ka iya rubuto min ita. Ka ce fitsari na yi maka zafi kamar an zuba barkono, da safe kana ganin wani ruwa rawaya-rawaya ya ɓata maka wando, ka sha wasu kafso na kwana biyu abin ya lafa, wai yanzu kana ganin ka warke. Wallahi ban yarda ka warke ba, dan Allah ka je asibiti a yi maka gwajin ciwon sanyi.

Ni ba likita ba ne amma abin da ka lissafa ya yi kama da gonoriya sosai, ƙwayar bakteriya ce da ake ɗauka ta hanyar saduwa, ta gaba ko ta baki ko ta baya, kuma alamunta kan fito ne cikin kwana 2 zuwa 14. Ba a masai ake kwasarta ba kamar yadda ake ta faɗa. Ban tambaye ka inda ka samo ba kuma ba zan tambaya ba, ba shi ne a gabanmu ba yanzu. Kuma kada ka ɗauka kai kaɗai ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 82 ne suka kamu a shekarar 2020 kaɗai.

Gwajin nan da kake tsoro ba wani abu ba ne fa. Mafi yawa fitsari za a karɓa, a ba ka 'yar kwalba, kuma na farkon da ya fara fita ake so, ba na tsakiya ba, shi ya sa za a ce ka riƙe fitsarinka kamar awa ɗaya ko biyu kafin ka je. In akwai ruwan da ke fita za su iya dangwalo shi da ɗan tsinke mai auduga a kai, sakan kaɗan an gama. Abin da mutane ke ɓoyewa shi ne maganar maƙogwaro da dubura, ƙwayar na iya zama a can shiru ba alama, gwajin fitsari kuwa ba zai gano ta a can ba, to in likita ya tambaye ka ta ina aka sadu ka cire kunya ka faɗa masa gaskiya, ya ji abin da ya fi naka. Ka kuma gaya masa sunan kafson da ka sha da ranar da ka sha, ko ka tafi masa da kwalin, saboda suna iya dusashe sakamako. Tunda ka riga ka je a haɗa da na kilamidiya, wata ƙwayar da ita ma ta hanyar saduwa ake ɗauka, wadda sau da yawa tare suke zuwa da gonoriya, da na tunjere da ƙanjamau.

Kafson nan su suka fi ɓata min rai. Ƙwayar gonoriya ta yi ƙaurin suna wajen bijire wa magani, penicillin da tetracycline da ciprofloxacin duk a da suna kashe ta, yanzu a wurare da yawa sun daina, kuma shan magani rabi-rabi yana cikin abin da ke ƙara mata taurin kai. Yanzu allurar ceftriaxone ake yi, yawanci guda ɗaya tak. Bayan kafson da ka sha zafin ya tafi amma ƙila ƙwayar tana nan, tana iya gangarawa maraina su kumbura, wani lokacin har ta shiga jini ta kama gaɓoɓi.

Sai magana mai nauyin, madam. Ka ce ita lafiyarta ƙalau ba ta jin komai, ai nan matsalar take, mata da yawa ba sa ganin wata alama sam, ciwon na can yana hawa mahaifa yana toshe bututun ƙwai, sai bayan shekaru a zo ana neman haihuwa babu, ko ciki ya zauna a wajen mahaifa wanda kan iya kashe mace, in kuma tana da juna biyu jariri na iya kwasa a ido wajen haihuwa har ya makance in ba a yi maza ba. Na san faɗa mata zai yi wuya, ƙila a yi rigima, amma dole a gwada ta a yi mata magani, in ba haka ba kai ka warke ta sake mayar maka. Duk wadda kuka sadu cikin kwana 60 da suka wuce ita ma ya kamata ta sani. Bayan allura ku haƙura da juna na kwana 7, sannan ka koma a sake gwaji bayan wata 3 don wanda ya taɓa yi yana iya sake kamuwa.

In kana jin nauyin fara maganar da ita, ka roƙi likitan ya yi muku bayani ku biyu tare, sun saba. Maganar nan ba za ta wuce ni ba. Ka je cikin satin nan dan Allah, in sakamako ya fito ka kira ni ko da tsakar dare ne.

Naka har kullum.