Ta'aziyyar Baba, tsohon jami'in kula da yara, da roƙona ga Edita

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ka ba ni fili in yi ta'aziyyar wani dattijo da Allah Ya yi wa rasuwa a nan Katsina cikin watan jiya, yana da shekara 90 da 'yan kai. Sanarwar rasuwar ta ce tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya bar 'ya'ya da jikoki. Gaskiya ne, sai dai ba ta faɗi aikin da ya yi ba, kuma aikin ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ban taɓa kama sunansa ba yana raye. Baba muke ce masa, mu da muka yi aiki a ƙarƙashinsa a ofishin jin daɗin jama'a, kuma haka zan kira shi a nan.

An haife shi zamanin Sarki Dikko, ya girma zamanin Sarki Usman Nagogo, ya ga sarautar Sarki Kabir tun daga 1981 har 2008, ya cika a zamanin Sarki Abdulmumini. Ya fara aiki a En'e, aka mai da shi Kaduna, ya dawo gida da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. A nan na same shi, ina sabon ɗauka.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin ofishinmu rabon shinkafa da atamfa ne a gidan marayu ranar sallah. A wajen Baba, aikin tafiya ne. Idan aka tsinci yaro a tasha ko a kasuwa, ba ya yarda a rubuta sunansa a littafi a kai shi gidan marayu a ce an gama. Sai ya zaunar da yaron, a ba shi abinci, sannan ya yi ta jan shi da hira: wace rana kasuwar garinsu ke ci, rijiya suke sha ko famfo, wa ke jan salla a masallacinsu. Daga harshen yaro da tsagen fuskarsa yakan gane yankin da ya fito. Sai a kai cigiya gidan rediyo, a aika wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya tara masu unguwa. Idan bincike ya nuna ƙetare, Baba kan bi ta Jibiya har Maraɗi, ko ta Daura da Kwangwalam ya nufi ƙasar Damagaram, yaron na riƙe a hannunsa.

Inda ya fi tsanani shi ne sha'anin riƙo. Jaririn da aka yar, ko marayan da babu mai ɗauka a dangi, idan wani gida ya nemi a ba shi, Baba ba ya duba girman gidan. Yakan fara da tambayar maƙwabta, ya ji ta bakin uwargida ita kaɗai, don sau da yawa maigida ne ke so, ita kuwa ba a shawarce ta ba. Bayan an ba da yaron, sai ya riƙa komawa ba tare da sanarwa ba. Abin da ya koya mana mu duba ƙanana ne: kan yaron da ƙafarsa, ko kwano ɗaya yake ci da 'ya'yan gidan, ko shi kaɗai ake aike da tsakar rana sa'ad da sauran ke makaranta. Na ga ya karɓe yarinya daga gidan mai hali ya mayar da ita hannun wata mai sayar da ƙosai, aka yi ta kai ƙararsa sama, bai janye ba. Yarinyar nan yau kaka ce, kuma ta zo zaman makoki.

A kotu ma haka. Dokar yara da matasa ta Arewa, wadda ta samo asali tun 1958, ta tanadi a ware shari'ar yaro da ta babba. Baba ya riƙe wannan da ƙarfi. Yakan je ya rubuta wa alƙali rahoton gidan da yaron ya fito, don kada ɗan shekara 12 da ya saci kaza ya kwana ɗaki ɗaya da manyan ɓarayi ya fito da sana'a.

Sai batun golf, wanda shi ne abin da wasu suka fi saninsa da shi. A garin da polo ke da tarihi tun zamanin Sarki Dikko, mutum ya saɓa sanduna yana bin 'yar farar ƙwallo a ƙasa abin kallo ne, kuma akwai masu cewa wasan manya ne, bai dace da mai aikin marayu ba. A Kaduna ya koya, lokacin da filaye da dama a Arewa ba su da ciyawa a bakin rami, yashi ake cakuɗawa da baƙin mai a daddaɓe. Yana son wasan ƙwarai, ba ya ɓoyewa. Bayan ya yi ritaya yakan je Kano da Kaduna da Jos don ya buga, kuma har ya haura 80 yana zaga ramuka 18 da ƙafarsa. Yakan ce abin da ya kama zuciyarsa shi ne wasa ne da mutum ke kama kansa da laifi ya rubuta, ko ba wanda ya gani. Ni dai na tabbata tafiyar nan ta taimaki lafiyarsa, bayan ikon Allah. Kuma ko a filin bai ajiye aikinsa ba. Yaran da ke ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna, sai ya san iyayensu, ya san ko suna zuwa makaranta. Wanda ya ce ba ya zuwa, Baba ba ya ba shi jaka ranar karatu, amma yakan biya masa kuɗin littafi.

Malam Edita, ga abin da ke ci mini rai. A takarda mun ci gaba. Najeriya ta yi dokar 'yancin yara a 2003, Jihar Katsina ta yi tata dokar kare yara a 2020. Amma a watan Oktoban 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a Daura suka fito da mutane, har da yara, wasu da mari a ƙafa. Da labarin ya iso wa Baba, abin da ya fara tambaya shi ne yaushe rabon da jami'in ofishinmu ya leƙa gidan. A Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara. An sako su, mun gode Allah, to wa ya bi su gida-gida bayan wata shida ya ga ko suna iya barci, ko sun koma aji? Yau kuma ga yaran ƙauyukan Batsari da Safana da Jibiya da 'yan bindiga suka tarwatsa, suna kwana a kangaye da bakin shaguna cikin birni. Muna cewa ɗa na kowa ne, amma dole a samu wanda aka ɗora wa nauyin, aka horar da shi, aka ba shi babur da kuɗin mai.

Don haka roƙona biyu ne. Ka tura wakilinka ma'aikatar da ke kula da mata da yara ya tambaya: jami'an jin daɗin jama'a nawa ne masu horo ke aiki a ƙananan hukumomi 34 na jihar nan, kuma nawa ne ke da abin hawa? A buga amsar kowa ya gani. Sannan akwai sauran sa'o'in Baba ƙalilan a Katsina da Daura da Funtuwa, maza da mata, sun tsufa amma hankalinsu na nan. A je a yi hira da su a ɗauki bayanin yadda ake neman dangin yaro da yadda ake bibiyar riƙo, don sababbin ma'aikata su samu abin koyo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga iyalansa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Naka,
Tsohon ma'aikacin jin daɗin jama'a,
Ƙofar Marusa, Katsina.