Rahoton Ayyukan Shekara Daga Ofishin Sakatare

Assalamu alaikum, iyayen ƙungiya, manyan makera da 'yan uwa mambobi.

An yi taron wata-wata kamar yadda aka saba, sai na watan azumi da aka ɗage.

Babban abin da ƙungiya za ta nuna a bana shi ne horon ƙera fitilar tebur, kuma alhamdu lillahi ya yi armashi fiye da zato. Samfurin da aka bi shi ne fitilar AJ, wadda Arne Jacobsen ɗan ƙasar Denmak ya zana wa otal ɗin SAS Royal na Kofanhagen, wanda aka buɗe a 1960, kamfanin Louis Poulsen kuma yake ƙerawa. An zaɓe ta ne don yara su koyi sana'a, ba don a sayar da sunan wani ba, kuma sassanta uku ne kacal: hula, wuya da gindi. Ramin nan da ke jikin gindinta, asali wurin ajiye tasar tokar sigari ne. Namu yaran suka mai da shi mazubin biro.

Hular an yi ta da fallen ƙarfe mai kaurin milimita 0.8. Sai an fara yanka siffar a kwali, an naɗe an ga bakin ya karkace daidai, kafin a taɓa ƙarfe. Waldar lantarki ta huda fallen tun a gwajin farko, domin wutarta ta fi ƙarfin irin wannan kauri, shi ya sa aka koma waldar gas da sandar tagulla. Wuyan bututu ne na milimita 12 wanda waya ke bi ta cikinsa, da 'yar roba a bakin ramin, in ba haka ba kaifin ƙarfe zai yanke rigar wayar wata rana. Inda aka fi shan wuya shi ne mahaɗar hula da wuya. Noti kaɗai ba ya riƙewa, bayan ɗagawa da saukarwa sau kaɗan sai kai ya sunkuya. Da aka sa washa mai lanƙwasa tsakanin washa biyu masu faɗi, sai ya tsaya duk inda aka juya shi. Gindi kuwa in ya gaza kilo ɗaya da rabi, fitilar kifewa take yi da zarar an miƙe hular gaba. Cikin hula farin fenti, don hasken ya zuba kan takarda. Kwan LED mai wat 5 ya isa. Tun da jikin duk ƙarfe ne, ba a bar ko ɗaya ta fita ba sai da waya mai igiya uku, an ɗaure igiyar koriya-da-rawaya, mai kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa, a jikin ƙarfen da ƙusa. Ranar nuni, wanda ya ga yadda iyayen yara suka riƙa kunnawa suna kashewa ya san wahalar ba ta tafi a banza ba.

Ana ta tambayar injin juya falle da aka yi alkawari, wanda zai ba mu damar fitar da hula mai siffar ƙoƙo. Ba a saya ba, kuma ba sakacin kwamiti ba ne. An je an taya, farashin ya tashi kafin kuɗin su taru, abin da ke asusu kuma shi aka kashe kan gas, fenti da falle daga kasuwar Ƙofar Ruwa. Haka fitila mai sifirin irin ta Anglepoise, wadda George Carwardine ya ƙirƙiro a Ingila a 1932: ƙarfen hannun na nan a yanke, amma sifirin da aka samu bai dace da nauyin hular ba, ko dai ya fizge hannun sama ko ya sake shi ƙasa. Sai an yi odar wanda aka auna, wannan kuma kuɗi ne.

Maganar kuɗin wata ta gajiyar da ma'aji. Mutum ba ya zuwa taro, ba ya ɗaga waya, amma ranar rabon aiki shi ne a sahun gaba. Littafin biya yana wurin ma'aji, duk mai bashi ya je ya duba sunansa kafin taro mai zuwa, domin a ranar za a karanta jerin a bainar jama'a kamar yadda aka amince.

Sakataren Ƙungiya