Dashen ɓargo: ku faɗa wa mutane abin da ke biyo baya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na lafiya kan dashen ɓargo ga masu sikila, kuma na yaba. Sai dai kun tsaya a daidai inda wahalarmu ta fara.

Ɗan ƙanwata aka kai Indiya, yayarsa ta ba shi ɓargo. Mun yi sa'a, domin tsakanin 'yan uwa ciki ɗaya ma, damar dacewar ɗaya ce cikin huɗu. Suka dawo Garwa, aka yi walima, muka ɗauka an gama. Da aka fara rage masa maganin danne garkuwar jiki, sai tafin hannunsa da na ƙafa suka yi ja, yana ta sosa bayan kunne. Watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40, kowa ya ce ƙurajen zafi ne. Kakarsa ta shafa masa man kaɗanya. A baƙar fata irin tamu jan ba ya fitowa sosai, wurin duhu kawai yake yi, shi ya sa muka yi sake har kwana biyar.

Da uwarsa ta tura hoto ta WhatsApp, likitansa ya ce a kai shi asibiti a ranar. Ashe sabon ɓargon ya zo da nasa sojojin, fararen ƙwayoyin jini, su kuwa jikin yaron baƙo ne a wurinsu, sai su auka masa: fata tukuna, sannan hanta da hanji. Ita fatar ma tana da nata masu gadi, wasu ƙwayoyi waɗanda wani Bajamushe, Paul Langerhans, ya gano a 1868, aikinsu nuna wa sojojin jiki wane ne abokin gaba. Bayan dashe, suna iya nuna mai gidan kansa.

Alhamdulillahi, an ƙara masa maganin danne garkuwar jiki, ya lafa. Amma an hana shi shiga rana, don tana tayar da ciwon. Malam Edita, a Garwa fa! Yanzu da dogon hannu da malafa yake fita, ƙwallo sai bayan la'asar sakaliya.

Don Allah ku sake gayyato likitan da kuka yi shirin da shi, ya yi bayanin ƙuraje, gudawa da ciwon shawara bayan dashe, da wanda iyaye za su kira idan sun gan su.

Naku mai sauraro,
daga Garwa, Kamaru