Zuwa ga ɗana da ke karatu a Romaniya

Assalamu alaikum Babana,

Da fatan kana lafiya, ya sanyin Iași? Ummanku na gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko yajin da ta aika ya iso.

Na ga hoton takardar da ka turo ta WhatsApp. Wurin da ka ja wa layi, evaluare individuală, shi ne abin da takardunku na Turanci ke kira individual assessment: kai kaɗai za a zaunar a auna abin da ka sani, babu raɓewa a bayan abokan karatu. Verificare pe parcurs kuwa ƙananan gwaje-gwajen da ake yi ne tun zango bai ƙare ba, irin wanda kuka saba da shi a sakandare.

Waɗannan ba su dame ni ba, ƙamus zai fitar da kai. Abin da ke hana ni barci shi ne kalmomin da za ka gani ka ce ai na san wannan. Harshensu daga Latin ya fito, Turanci ma ya kwashi kalmomi masu yawa daga can, shi ya sa fuskokin suke kama. To kama da wane ba wane ba ne. Notă makin da malami ya ba ka ne, daga 1 zuwa 10, kuma wanda bai kai 5 ba ya faɗi. A susține un examen zaman jarrabawa ne kawai, cin ta sai an ce a promova. Kada ka ji an ce ka yi na farko ka kira mu da albishir.

Ni kalmar eventual ce ta kayar da ni, lokacin da nake karatun man fetur a Ploiești a 1982. Jarrabawar baka ce. An kife ƙananan takardu a kan tebur, kowa ya shiga ya zari ɗaya, bilet suke ce mata, ya zauna gefe ya tsara amsarsa, sannan ya fuskanci malami. Kwana biyu kafin nan malamin ya ce mana eventual zai sake sauraron wanda ya yi tuntuɓe. Na ɗauke ta da ma'anar Turanci, wato komai daɗewa za a yi. Ashe a wurinsu "wataƙila" take nufi. Na shiga da rabin shiri, na zaro tambayar da ban karanta ba, gumi ya jiƙa mini riga. Na samu 4. Ya zame mini restanță, bashin jarrabawa, na yi hutun shekarar nan gaba ɗaya ina karatu a ɗakin kwanan ɗalibai har kaka. Ba wanda ya cuce ni, ni ne ban tambaya ba.

Don haka duk kalmar da ta shafi makinka, ka je wurin ɗan ƙasa ka ce ya sa maka ita a jimla biyu ko uku. Ka buɗe littafi na musamman, ka rubuta jimlar gaba ɗayanta yadda ya faɗe ta.

Kuma kada ka raina 'yan alamomin da ke kan baƙaƙensu. Fata yarinyar ce, fața fuskar. Kai da ka san nisan da ke tsakanin kafa da ƙafa bai kamata a ja maka kunne a nan ba.

Na san da Turanci ake koyar da ku, amma idan kuka fara shiga asibiti, tsohuwar da ta zo daga ƙauye ba da Turanci za ta kai maka kukanta ba. Za ka ce mata "Unde vă doare?", ina ne ke miki ciwo, malami na tsaye yana sauraron yadda ka tambaya. Ka kira ta da dumneavoastră, kalmarsu ta girmamawa, kada bakinka ya suɓuce ka ce mata tu kamar sa'arka.

Ka turo mini jadawalin sesiune, wato lokacin jarrabawarku, da zarar ya fito, mu san ranakun da za mu dage da addu'a. Kuɗin haya zan tura ranar Litinin in sha Allahu. Ka riƙe salla. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka