Wasiƙa zuwa Kumasi

Assalamu alaikum, Malam Dogo.

Bayan gaisuwa, yaya iyali, yaya ruwa a wajenku? Shirun ya yi yawa, to ƙaninka ya fasa shi. Ka ga abin da ya rubuta a Facebook kan mai shagon da ya sayar masa da manja gauraye? A layi uku ya kira shi fasiƙi, fajiri, har da shege. Don Allah ka ja masa kunne, kalmomin nan ba nauyinsu ɗaya ba.

Abin da mutumin ya yi sunansa algus, wato a cakuɗa mai kyau da marar kyau a ɓoye aibin. Da awo ya rage, tauye mudu ke nan. Da ajiya aka ba shi ya cinye, sai a ce ha'inci. Fasiƙi kuwa kalmar fiƙihu ce: mai aikata kaba'ira, wato manyan zunubai, ko mai naci kan ƙananan zunubai. Alƙali ba ya karɓar shaidarsa, kuma aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ce in ya kawo labari a bincika tukuna. Fajiri ya fi shi tsaurin ido, a bainar jama'a yake saɓonsa, ko a jikinsa.

Wadda ta hana ni sakat ita ce shege. Na san a bakinmu ta zama gaisuwa, kai ma ba ka iya yabon ɗan ƙwallo sai da ita. Amma a Malikiyya kore wa Musulmi uba ƙazafi ne, bulala 80, daidai da wanda ya jefi mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba. Ga ta a rubuce, cikin fushi, da sunan shago. Nan fa Kano ce, ba Kumasi ba, tun 2000 ake aiki da dokokin shari'a.

Af, Goggo ta aurar da autarta, ta ce ko goro ba ka aiko ba alhali a gindinsa kake zaune. Wai mugunta ce. Na ce a'a, mugu yakan ci riba ko yaya, wannan ƙeta ce zalla, kai ba ka ƙaru ba, ita ba ta ci ba. 

Ka kira yaron yau ya goge rubutun, in ya so ya kai ƙorafinsa wajen shugabannin kasuwa da jarkar a hannu. Maganarka kaɗai yake ji.

Ka gaishe da uwargida.

Naka,
Abokin faɗanka